Ɗanmu Yana Koyar da Lissafi a Makarantar Mishan

  'Yan'uwa mazauna wannan unguwa tamu ta Hausawa a nan Uke,

Wata magana ce ta same mu a bakin shago kwanakin baya, muka ga bai kamata mu bar ta a tsakaninmu mu biyu ba, domin ta shafi gidaje da yawa a nan. Bayan sallar la'asar muna ƙoƙarin ɗaure bakin buhuna, sai ga wani yaronmu, ɗan unguwar nan, wanda a gabanmu ya yi haddar izu biyar kafin ya tafi kwalejin horon malamai ya karanto lissafi. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Baba Liman, shawara na zo nema, kuma ina so ku gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba."

Shekara biyu ke nan yana koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, aji ɗaya zuwa aji uku, a wata makarantar kuɗi da ke kan hanyar nan ta Keffi zuwa Abuja. Wata coci ce ta kafa makarantar. Ba a taɓa hana shi salla ba, kuma ranar Juma'a ana sallamarsa da wuri. To amma magana ta yi masa yawa a unguwa. Wasu suna cewa kuɗin coci yake ci, wani ma har ya tare mahaifinsa a masallaci ya ce masa ya ja kunnen ɗansa kafin a wayi gari ya canja suna. Ana cikin haka sai wani mai makaranta daga cikinmu, makarantar da ke da sunan Larabci rangaɗau a jikin allonta, ya neme shi, ya ce zai ƙara masa wani abu a kan albashinsa. Sai dai ya gaya masa a fili cewa idan jarrabawar fita daga aji uku ta zo, akwai taimakon da ake yi wa yara a cikin ɗakin jarrabawa, kuma malamin lissafi ne ke rubuta amsoshin, saboda iyaye sakamako suke biya. Yaron ya ce, "Baba, can ana zagina amma ba a taɓa ce mini in yi ƙarya ba. Nan kuwa za a yabe ni, amma ga abin da ake so in yi. Wanne ne ya fi kusa da abin da kuka koya mana?"

Ba mu ba shi amsa nan take ba. Mun ce masa ya dawo bayan kwana uku, don tambayar ta fi ƙarfin a amsa ta a tsaye ana auna wa mutane gero.

Da farko dai mu yi wa masu tsoron nan adalci. Tsoronsu yana da tushe. Iyayenmu da kakanninmu sun ga yadda karatun boko ya shigo ƙasar Hausa, kuma a wurare da dama tare da wa'azin mishan ya shigo. Kowa ya san labarin Likita Mila da ya zauna a birnin Zariya tun farkon ƙarnin da ya wuce, daga baya mishan ɗinsa ya koma Wusasa, kuma akwai gidajen Hausawa da Fulani da suka bar Musulunci ta wannan hanya. Shi ya sa ko da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, aka kuma buɗe Kwalejin Katsina a 1922, waɗanda duk na gwamnati ne, mutane da yawa suka riƙa ɓoye 'ya'yansu a rumbu. Wanda maciji ya taɓa sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Uban da ke tsoron ɗansa ya rasa addini, tsoron abu mafi girma yake yi, kuma ba za mu yi masa dariya ba.

To amma tsoro ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Sai an duba mene ne abin da yaron nan yake koyarwa, kuma mene ne matsayinsa a wurinmu.

Mu da muka yi karatun zaure da Islamiyya mun san cewa akwai farillan da ba sa tsayuwa sai da lissafi. Ɗan kasuwa zai fitar da ɗaya cikin arba'in na dukiyarsa idan ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Manomi zai fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar masa, ɗaya cikin ashirin idan noman rani ne da ya sha wahalar ban ruwa. Mai tumaki arba'in akwai guda a kansa, mai shanu talatin akwai ɗan maraƙi. Sai kuma gado, wanda Allah bai bar wa kowa rabonsa ba, Shi da kansa Ya yanka shi a cikin Suratun Nisa'i: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid har ya kai babin gado ya san a nan ne almajirai da yawa suke tsayawa, kuma ba Larabcin ne ke tsayar da su ba, ƙidayar ce. Abin da malamanmu suke kira asalin mas'ala, wato nemo lambar da za ta rabu da takwas ta kuma rabu da shida ba tare da saura ba, shi ne dai abin da ake koya wa yaro a aji ɗaya na ƙaramar sakandare da wani suna daban.

A nan za mu faɗi wani abu da ya faru da mu, ko da yake ba abin alfahari ba ne. Shekarun baya wani bawan Allah ya rasu a unguwar nan, ya bar mata ɗaya, da mahaifiyarsa tsohuwa, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an biya bashi da kuɗin sutura, abin da ya rage ya kama naira 2,400,000. Aka kira mu rabo, da yake babban malaminmu ya yi tafiya. Muka cire wa matar sumuninta, naira 300,000, saura ya zama 2,100,000. Sai muka ɗauki sudusin uwa daga wannan sauran, muka rubuta mata 350,000, abin da ya rage muka raba wa 'ya'ya. Muka bar musu takardar su kwana da ita, da safe a zo a damƙa wa kowa nasa.

Da sassafe sai ga 'yar mamacin, yarinya 'yar aji biyu, ta biyo yayanta har ƙofar gida. Ta durƙusa can nesa, murya tana rawa, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, ba wai na fi ku sani ba ne. Sudusin Kaka daga duka kuɗin ake cirewa, ko daga abin da ya rage?" Wallahi sai da gabanmu ya faɗi. Daga duka ake cirewa, mun sani sarai, gaggawa ce da rashin sabo da alƙalami suka ja mu. Da mun mayar da mas'alar kashi 24 kamar yadda aka koya mana, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4, 'ya'ya su raba 17, da mun ga haƙƙin tsohuwar nan naira 400,000 ne. Mun tauye ta da 50,000. Kuma ku lura, 'yan'uwa, wannan 50,000 ɗin cikin rabon 'ya'ya ta faɗa, naira 10,000 daga ciki aljihun ita yarinyar za ta shiga. Gyaran da ta yi rage mata kuɗi ya yi, kuma ta san haka. Daga baya muka tambayi wa ya koya mata lissafi, aka ce mana wata malama ce Kirista. Allah Ya yi amfani da abin da matar nan ta koyar Ya tsare wani limami daga cin haƙƙin tsohuwa, Ya kuma tsare marayu daga cin haram. Tun ranar ba mu ƙara raba gado mu kaɗai ba, sai mun sa wani ya bi lissafin a bayanmu.

Karɓar ilimi irin wannan daga wanda ba addininku ɗaya ba, ko ba shi, ba yau aka fara ba. Malaman sira sun kawo cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin Ƙuraishawa da ba su da kuɗin fansa amma sun iya rubutu, an sa kowannensu ya koya wa yaran Madina goma, wannan ya zama fansarsa. Mutanen da suka zo da takobi jiya, yau an ba su yara su koyar. Lambobin nan da muke rubuta farashi da su, daga mutanen Indiya Musulmi suka karɓo su, daga hannun Musulmi kuma Turawa suka karɓa. Muhammad bn Musa al-Khawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, shi ya rubuta littafin da aka samo sunan aljabara daga gare shi, kuma babban kaso na littafin nan a kan rabon gado da wasiyya yake. A nan gida ma muna da namu. Malam Muhammad bn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya shahara da ilimin lambobi har ya yi rubutu a kan yadda ake jera su cikin gidajen murabba'i su ba da jimla ɗaya ta kowane ɓangare. Ya tafi aikin hajji, ya zauna a Masar, ya rasu a Alƙahira a 1741. A zamaninmu kuma ga Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ma ba ta da nisa da mu, tana Sheda a yankin Kwali. Saboda haka yaron da ya riƙe alli yana koyar da aljabara bai ɗauko kayan baƙi ba, gadon gidansu ne ya zagayo ya dawo masa.

Cikin kwana ukun nan da muke juya maganar, sai muka tuna da wasu mutane da tarihinsu ya daɗe yana ba mu mamaki a matsayinmu na 'yan kasuwa. Wata ƙungiya ce ta Kiristoci da ake kira Kweka, su kuma suna kiran kansu Abokai. Wani mutum mai suna George Fox ne ya fara ta a Ingila wajen 1650. Da yawanku kun san gwangwanin Quaker Oats mai hoton dattijo da malafa. To kamfanin nan ba nasu ba ne, sunansu kawai ya ara, saboda sunan ya riga ya zama alamar gaskiya a ciniki. Kamfanin Cadbury kuwa, masu Bournvita da Tom Tom da muke sayarwa a shagunanmu, ɗan Kweka ne ya kafa shi a Birmingham a 1824. Haka bankin Barclays, wanda reshensa na Najeriya ya zama Union Bank, asalinsa gidajen 'yan Kweka ne.

Abin da ya ja hankalinmu a kansu abu biyu ne. Na farko, sun ƙi yin rantsuwa ko a gaban alƙali, har aka riƙa ɗaure su a kan haka. Hujjarsu ita ce, wanda sai ya rantse za a yarda da shi, kamar yana cewa sauran maganganunsa da bai rantse ba ana iya samun ƙarya a ciki. Na biyu, sun ƙi yin farashi biyu. A lokacin da kowa ke faɗin kuɗi sama don a taya a rage, su sai su faɗi kuɗi ɗaya, ko babba ya zo ko yaro. Da farko masu saye sun guje su, daga baya aka gane cewa ana iya aiken ƙaramin yaro shagonsu ba a cuce shi ba, sai kasuwa ta dawo wurinsu. Kuma mutanen nan masu son kafa makarantu ne. Sun buɗe ɗaya a Filadelfiya ta Amurka tun 1689, tana nan har yau. John Dalton, wanda duk ɗalibin kimiyya ya ji sunansa a kan bayanin ƙwayar zarra, ɗan Kweka ne, kuma yana ɗan shekara 12 ya fara koyar da yara a ƙauyensu, daga baya ya zama malamin lissafi a Manchester. A Afirka sun sauka Kaimosi ta ƙasar Kenya a 1902, yanzu babu ƙasar da ta kai Kenya yawan 'yan Kweka a duniya, kuma makarantu da yawa a yammacin ƙasar suna ɗauke da sunansu. A Ramallah ta Falasɗinu suna da makaranta da ta faro tun 1869, wadda Musulmi da yawa suke kai 'ya'yansu. Ko a yaƙin basasar ƙasar nan, daga 1967 zuwa 1970, wasu 'yan Kweka irin su Adam Curle sun riƙa kai saƙo tsakanin ɓangarorin biyu, domin kowane ɓangare ya yarda ba za su ƙara gishiri ba.

Kada wani ya ce Liman ya koma yabon Nasara. Aƙidarsu daban, tamu daban, kuma ba mu karɓi tasu ba. Su ma mutane ne masu kuskure, a farkon zamaninsu har da masu mallakar bayi a cikinsu kafin su zo su haramta wa kansu. Abin da ya sa muka kawo su shi ne kunyar da ya kamata ta kama mu. Hana yawan rantsuwa a ciniki, Annabinmu ya hana mu tun kafin a haifi kakannin George Fox. Tauye mudu, sura guda aka saukar a kansa, Suratul Muɗaffifina, kuma mutanen Annabi Shu'aibu a kan ma'auni aka halaka su. Duk wannan muna da shi a rubuce, muna karanta shi a sallar asuba. Amma yau idan aka ce ga shagon da za ka aiki yaro ba za a cuce shi ba, shaguna nawa za mu iya nunawa a kasuwarmu? Su sun riƙe abu kaɗan sun yi aiki da shi har ya zama sunansu. Mu an ba mu cikakke, mun rataye shi a bango.

A nan ne maganar ta haɗu da allon lissafi. Mu ɗauki ɗan kasuwar da ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki, har ya zama kowane awo yana rage kashi ɗaya cikin ashirin. A ganinsa ɗan abu ne kaɗan. To idan yana auna mudu 100 a rana, ya ci mudu 5 na mutane. A kwana 300 na kasuwa ya ci mudu 1,500. Da wa zai fara neman gafara, alhali bai san fuskokinsu ba? Lissafi ne ke fito da girman abin da zuciya take ƙanƙantawa. Kuma shi ne darasi guda da yaro ke fara gane cewa akwai gaskiyar da ba ta duba fuska. Ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro, idan suka tara bakwai da takwas, sha biyar za su samu, wanda ya rubuta sha shida ya faɗi ko ubansa waye. Yaro ɗan shekara 12 zuwa 15, shekarun da halinsa ke kafuwa, idan ya samu malamin da zai ce masa nuna mini hanyar da ka bi, ka yi kuskure a nan, koma ka gyara, to ana koya masa ya karɓi gyara, ya kuma daina jin kunyar cewa na yi kuskure. Wannan tarbiyya ce, ko da ba a ambaci sunanta ba.

Yanzu ku juya ku dubi abin da mai makarantar nan tamu yake nema. Yana so malamin da ya shekara uku yana gaya wa yara cewa amsa sai an nemo ta, ya shigo ranar jarrabawa ya rubuta musu ita a allo. Yaron da ya ga haka ya koyi darasin da ya fi duk na shekara ukun zama a ransa: cewa gaskiya ta ranakun banza ce, ranar da abu ya yi tsanani kuwa dabara ake yi. Ya kuma koyi cewa malamin da ke jan su sallar azahar shi ne mai kawo satar amsa, kuma babansa ne ya biya. Wace illa ce makarantar mishan za ta yi wa imanin yaro da ta kai wannan? Can ko an yi masa wa'azin wani addini, ya san na wasu ne, zai zo gida ya tambaya. Nan kuwa da sunan namu aka nuna masa cewa ana haɗa salla da ha'inci a zauna lafiya. Annabi ya gaya mana a sarari cewa mai algus ba ya cikinmu, kuma bai ware algus na hatsi ya bar na takarda ba. Sannan abin ba ya tsayawa a aji uku. Wanda aka ɗauka a kafaɗa ya haye nan, sai an sake ɗaukarsa a WAEC da NECO. Wata rana shi ne ma'aikacin jinya da zai auna wa jaririnka magani, ko wanda zai lissafa ƙarfen da za a zuba a ginin bene. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshensa mutane da yawa sun faɗa.

Akwai wani malami abokinmu da ya kawo wata hujja da ta fi ta masu zagi nauyi. Ya ce a cikin manhajar nan ana koyar da lissafin kuɗin ruwa, ana kuma koyar da lissafin yiwuwar abu da misalin jefa kwabo da ɗan ludo, ashe malami bai zama mai koyar da riba da caca ba? Mun yi tunani a kan wannan sosai. Abin da muka gani shi ne, sanin yadda guba ke kisa ba shan guba ba ne. Matasanmu nawa ne suka ci bashin nan na waya ba su san abin da suka sa hannu a kai ba? A ce an ba ka naira 50,000 a kan ƙarin kashi 20 cikin ɗari duk wata, ruwan kuma yana hawa kan ruwa. Wata shida kacal bashin ya haura naira 149,000. Yaron da ya iya buga wannan da kansa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba, zai ga dalilin haramcin da idonsa. Haka mai cacar ƙwallo da ke haɗa wasa goma a takarda ɗaya, da ya san yadda damar cinsa ke raguwa da kowane wasa da ya ƙara, da ya gane cewa shagon ba don shi aka buɗe ba. Haka masu zuwa da alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, waɗanda suka kwashe jarin mata da yawa. Malami Musulmi mai tsoron Allah zai koyar da babin nan yadda yake a littafi, yaran da suka fahimce shi kuma sun samu garkuwa.

Duk da haka ba mu ce a rufe ido ba. Wanda zai yi aiki a makarantar da ba ta Musulmi ba, da wanda zai kai ɗansa, akwai abin da zai tabbatar tun kafin ya sa hannu. A bar shi ya yi sallarsa a kan lokaci, har da Juma'a. Kada a tilasta masa shiga ibadar da ba tasa ba, kuma wannan ba alfarma ba ce, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga bikinsa ba da yardar iyayensa ba. 'Ya mace a bar ta da suturarta. A yi maganar nan a fili da shugaban makaranta, da ladabi, in da hali a rubuce. Inda aka ƙi, to ƙasar Allah da faɗi. Shi kuma malamin ya riƙe amanarsu kamar yadda yake so su riƙe tasa: an ɗauke shi ya koyar da lissafi, kada ya mayar da ajin wurin yi wa 'ya'yan mutane wa'azi a ɓoye. Mu kuma iyaye, kada mu sallama yaro ga kowace makaranta, tasu ko tamu, mu ce mun gama. Islamiyyar yamma da karatun asuba suna wuyanmu. Mu baƙi ne da muka zo neman abinci muka zauna cikin Gbagyi da Gwandara da sauran ƙabilu, asibiti ɗaya muke zuwa, mota ɗaya muke shiga zuwa Masaka da Mararaba da Nyanya. Yaran nan tare za su rayu, kuma abin da Kirista ɗan aji biyu zai fara sani game da Musulunci, wataƙila halin malaminsa na lissafi ne.

Da yaron ya dawo ranar da muka yi da shi, muka ce masa, "Ɗana, albashin da kake karɓa ladan guminka ne, halal ne. Zauna inda kake matuƙar ba a taɓa maka salla ba. Wancan kuwa ka je ka gode masa, ka gaya masa dalilinka a fili ba tare da cin fuska ba, wataƙila Allah Ya sa ya ji kunya ya gyara. Idan ya yarda zai bar yara su rubuta abin da suka sani, to ka fi kowa cancantar ka je ka taimaki makarantarsa." Ya ce, "To Baba, maganar mutane fa?" Muka ce masa wannan namu ne, mu za mu je wurin mahaifinsa, kuma mun je.

Saura namu laifin. Muna kukan makarantunmu ba su da malaman lissafi, alhali mu ne muke jinkirta kuɗin makaranta wata uku, mu ne kuma muke zuwa ofis da faɗa idan yaro ya faɗi, maimakon mu tambayi inda ya gaza. Mai makarantar nan bai ƙirƙiro satar amsa don nishaɗi ba, ciniki ya gani, mu ne masu saye. Idan ɗanka ya kawo maki 40 na guminsa, ka sa masa albarka ka nema masa mai ƙara masa darasi, ya fi maka 90 na sata. 'Ya'ya mata kuma kada a ce lissafi ba nasu ba ne. Su ne aka fi cuta a rabon gado, su ne masu adashi da sana'ar cikin gida, kuma kun ji abin da yarinya ɗaya ta yi.

Mun roƙi yaron nan wata alfarma, ya kuma amsa. Duk ranar Asabar bayan sallar la'asar zai riƙa zama a zauren masallaci da allo da alli, shi ya koyar da kasafi da kaso cikin ɗari, mu kuma mu kawo mas'alolin zakka da gado a warware su tare. Yara maza da mata duk su zo, kyauta ne. 'Yan kasuwa 'yan'uwanmu ma kada girma ya hana ku, mu da kanmu a sahun ɗalibai za mu zauna idan ya ɗauki alli. Wanda ke shakkar mudunsa ya zo da shi a gwada, ba za a faɗa wa kowa ba.

Larabawa da kalma ɗaya suke kiran lissafi da kuma tsayuwar da za mu yi gobe a gaban Ubangiji, wato hisabi. Allah Ya sa namu ya zo da sauƙi, Ya shirya mana zuriya, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya zaunar da unguwarmu da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa namu ne, kuma ƙofarmu a buɗe take ga mai gyara, ko da ɗan aji biyu ne.